Ranar da 'Yar Kwatano Ta Daina Jin Makullina

Jiya na yi wani mafarki, kuma ba da dare na yi shi ba. Da rana tsaka ne, bayan Azahar, don ni mafarkina ba ya jiran duhu.

Ni ne Korau Direba. Duk wanda ya taɓa shan shayi a tasha tsakanin Funtuwa da Ikko ya ji sunana, in kuwa bai ji ba to a duba kunnensa. Ban taɓa zama a aji ba, amma na ja babbar motar kayan nan roka, na ja tifa, na ja tankar mai, na faɗa kogi da mota na fito da hulata a kai. Abu guda ne ban taɓa yi ba tun ranar da na kama sitiyari: ban taɓa zama a kujerar baya ba. Ko ranar da aka kai ni asibiti da karaya, ni na ja motar, mai jinyata yana gefe yana salati.

To, sai na gan ni a wata tasha, a wata ƙasa da ban san sunanta ba. A can hanya naɗe ta ake yi kamar tabarma. Da safe ma'aikata su shimfiɗa, da yamma su kakkaɓe su jingine a bango. Ramukan titi kuwa garke-garke suke yawo, wani makiyayi yana kora su da sanda zuwa inda aka zuba sabuwar kwalta. Rana ma ba da ƙafarta take tafiya ba. Wani ƙato ne yake tura ta a baro daga gabas zuwa yamma, ya naɗe hannuwansa da tsumma saboda zafi. Ban yi mamaki ba. Na ga abin da ya fi wannan a Anaca.

Motata tana tsaye a gindin wata bishiya mai 'ya'yan taya, waɗansu sun nuna, waɗansu ɗanyu. 'Yar Kwatano ce, ƙarama, wadda 'yata ta saya mini bayan na ajiye manyan motoci. Na shiga, na gyara madubi, na zaro damin makullaina daga aljihu, na laluɓo nata mai baƙin kai, na yi bisimilla na murɗa. Kik ya juya lafiya lau, gir-gir-gir, amma inji bai kama ba. Na sake. Haka. A gaban mita wata 'yar jar fitila mai siffar makulli tana ta ƙifta mini ido kamar wadda tsakuwa ta faɗa wa.

Motar ta yi gyaran murya.

"Malam, wa kake nema?"

"Ke nake nema. Tashi mu tafi."

"Ban ji sallama ba," in ji ta. "Ni ba na tashi babu sallama."

Na ce salamu alaikum, har da jan murya.

"Wa alaikumus salam, na gode. Amma ba taka nake jira ba. Ta makulli nake jira."

Ina cikin tunanin zagin da ya dace da mota, sai aka ƙwanƙwasa gilashi. Jatau ne, tsohon karen motata, wanda ni na koya wa ribas da dundu. Ya yi furfura, ya ajiye tumbi, ya rataya usur a wuya, ashe a ƙasar shi ne Sarkin Tasha. A hammatarsa akwai wani matashi mai ado da furanni, a bakinsa kuma basilla da zare.

"Maigida, barka da hutawa."

"Wa ya ce maka hutawa nake yi, kai karen mota?"

"Doka ce ta ce, Maigida, ba ni ba. A nan, direban da motarsa ta ƙi amsa masa har mai baro ya kai rana bakin katangar yamma inda ake sauke ta, to an sauke shi. Wannan matashin za a ɗinke masa a wando, ya koma kujerar baya, daga nan har kabari. Sitiyari kuma a ba wanda ya fi kusa da shi."

Ya dubi hagu, ya dubi dama. Babu kowa kusa da ni sai shi.

"Jatau, kai da ka taɓa yin ribas ka rushe rumfar mai tsire?"

"Ai tsiren ya yi daɗi, Maigida. Ɗan ɗaga mini in ga faɗin wandon."

Na dubi mai baro. Ya wuce tsakiyar sama da kaɗan, yana tafe yana fito.

Ni ba yaro ba ne a harkar mota. Na taɓa tayar da roka da igiyar guga. Na taɓa ɗaure fambel da ɗankwalin wata fasinja muka kai Lakwaja. Sai na kira 'yan turi. A ƙasar mutane ba sa tura mota da kansu, inuwarsu suke aikowa, su suna zaune suna cin gyaɗa. Inuwoyi suka taru a bayan mota suka kama turi. Na sa giya ta biyu, muka yi gudu, na saki kuloci. Motar ta yi tsalle, ta yi tari, ta tsaya.

"Ko daga kan Hawan Kibo za ka sako ni, haka za a yi," in ji ta. "Ba kasala ce ta hana ni tashi ba. Mai ne aka rufe daga ciki."

"To zan tsinke waya in haɗa da waya."

"Haɗa mana. A zamanin kakannina ne wannan yake ci."

Inuwoyin suka karkaɗe hannu suka koma wajen masu su.

A can ba a kai mota gareji, gareji ne yake zuwa. Sai ga wata rumfar kwano tana tafe da ƙafa huɗu, ta zo ta durƙusa kusa da ni kamar raƙumi. Rewayan da ya fito daga ciki, wato mai gyaran wutar mota, ƙadangare ne, jangwada mai jan kai, da rigar aiki duk baƙin mai. Ya maƙale testa a inda kunne ya kamata ya kasance.

"Malam Jangwada, za ta gyaru?"

Ya gyaɗa kai.

"Ko dai ta mutu ne?"

Ya gyaɗa kai. Daga nan na gane da shi sai an jira magana.

Bai taɓa makulli ba tukuna. Ya buɗe bonet, ya lashi kan batir, ya ɗan tattauna. "Batir da ransa," in ji shi. Ya buɗe akwatin fiyus, ya kira su ɗaya bayan ɗaya, kowanne ya miƙe ya ce na'am. Sannan ya shiga ƙarƙashin sitiyari, inda ake jona na'urar bincike, ya zura wutsiyarsa a ramin. Idanunsa suka koma shuɗi, waɗansu lambobi suna wucewa a ciki.

"Karanta, Baba."

"Ni hanya nake karantawa. Fassara mini."

"Cewa ta yi an buga ƙofa, an tambaya wane ne, ba a ji suna ba."

Ya hau kan sitiyari ya zauna, ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya.

"Baba, motocinku na da, haƙori kawai suke dubawa. In haƙoran makulli sun shiga, shi ke nan, ko ɓarawo ne sai su bi shi. Waɗannan na yanzu suna da tambaya. A cikin baƙin kan makullin nan akwai wata 'yar ƙwaya kamar shinkafa, ita ce harshensa. A bakin ramin makulli akwai zobe, shi ne kunnen mota. In ka murɗa, zoben ya tashi ƙwayar daga barci, ta faɗi sunanta, zoben ya kai wa ƙwaƙwalwa. In ƙwaƙwalwa ta san sunan, a buɗe mai, fitilar nan ta daina ƙiftawa. To ko dai harshe ya mutu, ko kunne ya toshe, ko ƙwaƙwalwa ta manta. Bin su za mu yi ɗaya bayan ɗaya."

"Abin da nake shirin faɗa ke nan ka riga ni," na ce masa.

"Ina ɗan'uwan makullin?" in ji shi.

Na cire hula na zaro shi daga ninkinta. Shi ne wanda na sa aka yanko mini a kasuwa. Malam Jangwada ya riƙe shi ya ce masa ina wuni. Makullin ya yi murmushi. Ya ce masa ya gida. Makullin ya sake murmushi, ya nuna bakinsa da yatsa.

"Wannan bebe ne, Baba. Ƙarfe zalla aka yanka maka, babu ƙwaya."

"Mai yankan ya rantse mini iri ɗaya suke."

"Haƙoransu ɗaya. Zai buɗe maka ƙofa, zai murɗa, amma ko shekara zai yi ba zai gaisa ba. Mayar da shi hula. Kawo na asali."

Ya miƙo hannu zai karɓi damin duka, na hana. Ba na sakin makullaina ga kowa. Na dunƙule ragowar a tafin hannuna gam, na miƙa masa kan mai baƙin kai kawai. Ya tsoma shi a wani kofin shayi mai rami a gindi, muka kasa kunne. Sai ga wata 'yar murya siririya, mai ladabi, kamar ta sabuwar amarya a gaban surukai. Ta faɗi sunanta, wani dogon suna duk lambobi, ba ta yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba.

"Harshe lafiya," in ji Malam Jangwada.

Na ji ana taɓa ni ta baya. Jatau ne da awon tela.

"Kada ka damu, Maigida, ci gaba da aikinka. Ka fi son ɗinki ninki biyu ko a bar shi sakwa-sakwa saboda zafi?"

"In na tashi motar nan, kai zan fara takewa."

"In ta tashi, Maigida."

Mai baro ya gangara sosai. Inuwar bishiyar taya ta kai ƙofar masallacin tasha.

Malam Jangwada ya kwance robar da ke wuyan sitiyari. Ga zoben nan, kunne ne sosai, da leɓatunsa, sai dai na jar waya ne da aka nannaɗe. Ya sa gashin kaza ya sosa shi, kunnen ya yi miƙa don daɗi. Ya matsa ya raɗa masa wani abu, kunnen ya yi ja.

"Me ka ce masa?"

"Tsakaninmu ne. Yana ji dai. Saura wayar da ke kai saƙo, da ita ƙwaƙwalwar. Biyo ni."

Muka shiga ta ramin iskar sanyi. Ban san yadda na shige ba, da babbar rigata da komai, amma na shige, kuma ni na wuce gaba don ba na bin bayan kowa. Muka hau kan wayar muna tafe kamar a kan gadar katako. Malam Jangwada yana duba inda ɓera ya ci ko inda tsatsa ta kama, yana girgiza kowace mahaɗa da ƙafa. Duk suna nan daram. A ƙasa can muna hango fasinjojin da suka ɓace tun tuni: 'yan kunne, ƙwallon goro, wani cokali yana zaune ya yi tagumi.

Ƙarshen wayar wani ɗaki ne na farin ƙarfe, ba taga. A ciki wata tsohuwa ce zaune a kan buzu, hannunta ɗaya a kan famfo, ɗayan riƙe da ƙyastu. Ita ce ƙwaƙwalwar motar. Sunanta Iya Marka.

"Iya, sannu da gida," in ji Malam Jangwada. "Ko kin manta da makullinki ne?"

"Ni? Allah ya kiyaye. Ɗan albarka ne, sunansa yana kaina tun kafin mu hau jirgin ruwa." Ta karanto lambobin nan tsaf, har da inda amaryar ta ja numfashi.

"To Iya, me ya hana ki buɗe mai?" na ce. "Kin san wanda kika tsayar kuwa?"

Ta dube ni sama da ƙasa. "Kai ne mai murɗawa kamar ana bin ka bashin rai? To bari ka ji. Duk lokacin da ka murɗa, hayaniya ce take zuwa mini, kamar an tashi gidan biki da faɗa. Wannan yana ihu birki ya tsinke, wancan yana ihu ruwa ya kai wuya, wani yana ta kiran a kawo yashi. Can ƙasa-ƙasa nakan ji kamar muryar yaron nawa, amma kafin ya kai rabin suna an danne shi. Ni kuwa ba na buɗe famfo a kan rabin suna. Ƙanwata ta yi haka, ɓarayi suka tsallaka iyaka da ita, yanzu tana dakon albasa."

Malam Jangwada ya gyaɗa kai, wannan karon a hankali. Ya dubi hannuna da na dunƙule.

Sai ga mu a waje kuma, ni a kan kujerata, shi a kan sitiyari.

"Baba, zura makulli, ka murɗa, ka saki damin ya yi lilo yadda ka saba."

Na murɗa, na buɗe hannu. Ai kuwa sai tasha ta kaure.

"Ni ce Roka! Ni na sauko Hawan Kibo ba birki da buhunan dankali!"

"Rufe mana baki, tsohuwa! Ni Tifa, ni na kife a Tegina tayoyina suna kallon sama!"

"Wa ya taɓa cin wuta a cikinku? Ni Tanka, a kawo yashi!"

"Ruwa! Ruwa ya kai wuya!" Wannan kuwa Kiya-kiya ce, bas ɗin da muka faɗa kogi tare.

Ku da ba ku sani ba, duk motar da ta mutu a hannuna ni na fito da rai, nakan zare makullinta in ajiye. Su ne shaiduna. In ina ba da labari a majalisa wani ya yi murmushin rashin yarda, sai in zaro dami in kaɗa masa a fuska. Ashe su ma sun koyi ba da labari, kuma babu mai jiran wani ya gama. A tsakiyarsu mai baƙin kai yana ta ɗaga yatsa yana cewa, "Salamu alai… salamu alai…" ba mai sauraronsa.

"Ga ciwon nan," in ji Malam Jangwada. "Harshe lafiya, kunne lafiya, ƙwaƙwalwa lafiya. Taro ne ya yi yawa a bakin ƙofa. Zoben nan ba ya son tarkacen ƙarfe da baƙin makullai kusa da shi. Cire su ka zubar."

"A zubar da wa?"

"Maigida, rana fa," in ji Jatau, yana zura zare a basilla. Ya lashi bakin zaren har sau biyu don in gani.

Na duba. Mai baro ya kusa katanga, har ya fara neman inda zai jingine.

Na ce to. Na sa farce na buɗe zoben dami, na zare makullin Roka na ajiye a kan bonet. Nan take na ji ƙaiƙayi a ƙwaurina. Na ɗaga wando. Tabon nan nawa, mai tsawon tafin hannu, wanda ƙananan yara suke biyan ni da rake don su gani, babu shi. Fata sumul kamar ta jariri. Na zare na Tifa. Sai na ji wani abu yana tsiro a bakina, na taɓa da harshe, ashe giɓina ne ya cike. Haƙorin da na bari a Tegina ya dawo.

"Kai, Maigida, ka yi kyau," in ji Jatau. "Wai don Allah, a ina ne ma birkin rokar nan ya tsinke?"

Na buɗe baki. Babu komai a ciki sai sabon haƙori. Labarin da na ba da a kowace tasha ta ƙasar nan, na neme shi sama da ƙasa, ko ƙurarsa babu. Ban san dutsen ba, ban san abin da na ɗauko ba, ban san ma ko na taɓa jan roka ba.

Wallahi ban ji tsoro a cikin kogi ba, ban ji a cikin wuta ba, amma nan na ji. Na wawuro makullan na mayar da su dami. Tabo ya dawo. Haƙorin ya faɗo a tafina, na yi hamdala na jefar da shi.

"To Baba, zaɓi ya rage naka," in ji Malam Jangwada. "Ko sitiyari da santsin ƙwauri, ko labari da matashi."

"Matashin auduga ce zalla, Maigida, ba tsumma," in ji Jatau. "Kuma a baya ma ana ba da labari. Ni zan riƙa jin ka ta madubi."

Mai baro ya kai gindin katanga. Allah ya taimake ni, takalminsa ya tsinke, ya ajiye baron ya durƙusa yana gyara.

Nan ne fa za ku san bambancin wanda ya yi karatu a aji da wanda ya yi a hanya. Na dubi ƙadangaren nan na ce, "Malam Jangwada, shi kunnen nan naku, daga ina zuwa ina yake ji?"

"Bai wuce tsawon ɗan yatsa ba."

"Abin da ke kujerar baya fa?"

"Ko ganga ake bugawa ba ya ji."

"Kai kuma karen mota, dokarku cewa ta yi a sa Korau a kan matashi, ko cewa ta yi kada matashi ya kwana ba kowa?"

Jatau ya sosa ƙeya da basilla. "To, ita dai doka ba ta son a ɗinka matashi a banza."

"Kawo shi nan."

Ban taɓa tsofaffin ba. Sabon nan mai baƙin kai na zare daga cikinsu, shi kaɗai. Na tsaya na saurari jikina, babu abin da ya ɓace, don ni da shi ba mu taɓa kifewa tare ba tukuna. Ragowar damin kuwa na ɗora shi a kan matashin Jatau, na buɗe ƙofar baya, na ajiye su da girmamawa, har na ja musu bel.

"Mu a baya?" in ji Roka. "Mu da muka…"

"Kujerar masu gida ce, Hajiya," na ce mata. "Manya ba sa zama kusa da inji."

Suka haɗa kai suna shawara. Tanka ta ce ai da ma ita zafin gaba yana damun ta.

Na koma mazaunina, na zura mai baƙin kai shi kaɗai, wayam, ba nauyi. Zan murɗa har ƙarshe, Malam Jangwada ya dafa hannuna da 'yan yatsunsa masu sanyi.

"Tsaya a rabi. Bari su gaisa."

"Salamu alaikum," in ji makulli.

"Wa alaikumus salam! Lale, lale, mutanen ɓoye," in ji mota. "Ina wuni?"

"Lafiya lau. Ina gajiya?"

"Ba gajiya. Ya aljihu?"

"Aljihu da cunkoso, amma alhamdulillahi. Ya Iya Marka da ƙafa?"

"Da sauƙi. Ya ɗan'uwanka na cikin hula?"

"Yana nan, yana gaishe ki da hannu."

Mai baro ya gama ɗaure takalmi. Ya tofa yawu a tafi, ya kama baron.

"Ku taƙaita mana!" na ce.

"In ka katse su, daga farko za su soma," in ji Malam Jangwada.

Na cije leɓe. Ni da ban taɓa jiran ɗan sanda ya gama ɗaga hannu ba, na zauna ina jiran makulli ya tambayi lafiyar tayar sifiya. Jatau ya sa usur a baki, ya cika kumatu da iska. Ƙaton nan ya ɗaga baron, rana ta mirgino bakinsa, gefenta ya taɓa kan katanga har ya yi cuu kamar an tsoma wuƙar maƙera a ruwa.

"To madalla," in ji mota. "Faɗi sunan naka don cika ƙa'ida."

Ya faɗa, tun daga farko har ƙarshe, ba wanda ya sa masa baki. 'Yar jar fitilar ta rufe ido ta yi barci. Daga can ciki na ji an murɗa famfo, an ƙyasta ƙyastu.

Na ƙarasa murɗawa. Inji ya kama tun kafin kik ya gama juyi ɗaya.

Iskar da ke kumatun Jatau ta fita ta hanci. Ya dubi basilla, ya dube ni, ya soke ta a hula.

"Maigida, in ɗane?"

"Ɗane, karen mota. Ka riƙe da kyau, tumbin nan ba na da ba ne."

Ya ɗafe bayan mota kamar zamanin da, ya buga jikinta da tafi, ya ce, "Mu je!" Malam Jangwada ya diro ƙasa. Na leƙo na ce masa ya ga yadda ake gyara ko, in ya samu lokaci ya zo in ƙara masa. Ya gyaɗa kai.

Muka hau hanya. Ma'aikata sun riga sun fara naɗe ta daga baya, don haka sai na taka, suna naɗewa ina tsere musu. Garken ramuka yana komawa gida, na ratsa tsakiyarsu ban taɓa ko ɗan maraƙi ba. Sitiyari a hannuna, tabona a ƙwaurina, iska tana shiga ta giɓina tana fito. A kujerar baya kuwa manya sun saki jiki.

"Ranar nan a Hawan Kibo," in ji Roka, "ni na ce wa yaron nan Korau ya kwanta hagu. Da ba don ni ba…"

"Haka nake fama da shi," in ji Kiya-kiya. "Ni na turo shi sama daga ƙasan ruwa, har na miƙo masa hularsa."

"Wa kuke kira yaro?" na ce ta madubi.

"Direba, dubi gabanka," in ji Tifa. "Manya suna magana."

Ina shirin ba su amsar da za su riƙa tunawa, sai na ji wata ƙara daga ƙarƙashin mota. Ƙurr, ƙurr, ƙurr. Na ce salansa ce ta saki. Na rage wuta, ƙarar ba ta ragu ba. Ƙurr, ƙurr. Na ƙanƙame sitiyari, na fara neman gefen hanya.

Na buɗe ido. Matata Tabawa ce a bakin rariya take kankare ƙanzon tukunya da cokali. Ni kuma ina kwance a tabarma a ƙarƙashin rumfa, na ɗaga tiren abinci sama da hannu biyu, na riƙe gefe da gefe, ƙafata ta dama tana danna buta.

"Malam, in ka gama, miƙo tiren nan in haɗa in wanke."

"Dakata, Tabawa," na ce mata. "Bari in faka tukuna."